Manomin da Ya Hutar da 'Yarsa

A wani gari a gindin duwatsu akwai wani mutum, manomi ne, yana noman citta da masara. Shi da matarsa sun yi shekara tara ba su sami haihuwa ba. A shekara ta goma Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata suna Afiniki. Bayanta kuwa ba su ƙara samun wani ba.

Mutumin nan ya tashi cikin wahala. Tun yana ɗan shekara shida yake bin awaki a daji ba takalmi. Kowace safiya sai ya ɗebo ruwa a rafi sau biyu kafin ya kama hanyar makaranta, makarantar kuwa tana bayan dutse. Har ya girma faso bai bar dugadugansa ba. Saboda haka da ya sami 'ya, sai ya ƙudura a ransa cewa ba za ta sha irin wahalar da ya sha ba.

Ya kuwa cika abin da ya ƙudura. Ya haƙa rijiya a tsakar gida don kada ta je rafi. Hatsi a inji ake niƙawa, ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Makaranta kuma a bayan babur yake kai ta, ya je ya ɗauko ta. Duk da haka, sa'ad da take ƙarama, yarinya ce mai ƙiriniya. Da ta ajiye jakar makaranta sai ta fice wurin ƙawayenta, su yi tsallen igiya, su yi tsere, su hau bishiyar gwaiba da ke bayan coci. Takan dawo gida da ƙura har gira, ta ci tuwo da yawa, ta yi barci tun kafin a kwashe kwanuka.

Ana nan, tana da shekara goma sha ɗaya, sai ta faɗo daga bishiyar gwaibar ta karye a hannu. Hannun ya warke cikin wata biyu, amma tsoron da ya shiga zuciyar uban bai fita ba. A shekarar nan citta ta yi kyau. Sai ya tafi birni ya sayo sola ya kafa a kan rufin ɗaki, ya kuma sayo waya babba mai faɗin fuska, ya miƙa wa yarinyar.

Ya ce mata, "Ga wannan. Duk wasan da kike nema yana ciki. Ki zauna a gida inda idona zai riƙa ganinki."

Yarinyar ta zauna.

Da fari ƙawayenta sukan zo ƙofar gida su kira ta, ta ce tana zuwa, ba ta fita ba. Bayan 'yan watanni suka daina zuwa. Gidan ya yi tsit. In uban ya dawo daga gona yakan same ta kwance a kan doguwar kujera, wayar tana bisa fuskarta, sai ransa ya yi sanyi. Ba ta rafi, ba ta kan bishiya, ba ta cikin yaran banza. Maƙwabta ma suka riƙa yabonta, suna cewa 'yar wane akwai natsuwa, ba a ganinta a titi.

Shekara uku suka wuce a haka. Jikinta ya yi nauyi, amma ba ƙarfi. In ta ɗaga bokitin ruwa daga bakin rijiya zuwa madafa sai ta tsaya tana haki. Kanta kullum a sunkuye yake, ko babu waya a hannunta. Idanunta suka riƙa yi mata ƙaiƙayi suna zubar da ruwa, ciwon kai kuwa kusan kowace rana. Ba ta samun barci yadda ya kamata, sai ta je aji ta yi ta gyangyaɗi. Abinci sai dai ta ci tana kallo, ba ta san ta ƙoshi ba. In wayar ta mutu, ko uwarta ta aike ta, sai ta yi ta fushi kamar an zage ta.

Uwar ce ta fara damuwa. Ta ce wa mijinta, "Baban Afiniki, yarinyar nan ba lafiya gare ta ba."

Ya ce, "Me ya same ta? Tana ci, tana sha, tana gida."

Ta matsa masa har suka kai ta asibitin garin. Malamar asibiti ta auna ta, ta duba idanunta, ta tambaye ta awa nawa take yi da waya a rana. Yarinyar ba ta sani ba. Malamar ta juya wurin uban ta ce, "Baba, zan rubuta mata tabarau, zan kuma ba ta na ciwon kai. Amma babban maganinta ba ya cikin kabad ɗin nan. Ta rage kallo, ta fita rana ta taɓa ta, ta yi tafiya, ta yi gumi, ta kwanta da wuri."

Uban ya yi godiya. Ya sayi tabarau, ya sayi maganin ciwon kai. Sauran maganar kuwa ya bar ta a asibiti, gama a ganinsa gumi da rana su ne wahalar da ya yi alkawarin raba ta da su.

Wata Asabar, a lokacin noma, mutumin zai tafi gonarsa ta nesa, wadda take can a kwarin dutse. Uwar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce yau sai yarinyar ta bi shi, ko ba ta yi aiki ba ta sha iska. Afiniki ta yi gunaguni, ta hau bayan babur. Tun daga ƙofar gida har gona idonta yana kan waya. Suka wuce wani ƙauye, suka haye rafi, suka bi wata siririyar hanya mai rassa cikin ciyawa, ba ta ɗaga kai ta ga ko ɗaya ba. Da suka isa, uban ya shimfiɗa mata buhu a gindin ɗorawa, ta zauna, ta toshe kunnuwanta da abin sauraro, ta ci gaba da kallon bidiyon da ta ajiye a wayar.

Da hantsi ya yi, mutumin yana cire ciyawa a can ƙarshen gona, sai ya taka kububuwa. Ta sare shi a ƙafar dama, a saman idon sawu.

Ya kira 'yarsa. Ba ta ji ba. Ya sake kira, ya kuma sake. Tana zaune inda yake iya hangenta, tana murmushi ita kaɗai. Sai ya ja jiki a ƙasa, a hankali, yana jan ƙafar, har ya iso kusa, ya jefa mata ɗan dutse ya sami zanenta. Sa'an nan ta ɗaga kai.

Ta yi kururuwa, ta danna lambar uwarta. Babu sabis. Ta hau kan tudu ta ɗaga wayar sama, babu. Uban ya gwada miƙewa ya tayar da babur, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, jiri kuma ya kwashe shi ya koma ƙasa. Ya san in ya ce zai taka, dafin zai ƙara gudu a jikinsa.

Ya ce mata, "Afiniki, ajiye wayar nan. Ki ruga ƙauyen da muka wuce, ki kira maza su zo da babur. Bi hanyar da muka zo."

Ta ruga. Ƙauyen ba shi da nisa sosai, yaran wurin sukan kai cikin rabin awa. Amma ba ta yi nisa ba ƙirjinta ya kama zafi kamar an zuba barkono, cikinta ya murɗa ta gefe, ƙafafunta suka fara rawa. Ta tsaya ta dafa gwiwoyi. Ta sake rugawa, ta sake tsayawa. Da ta kai inda hanya ta rabu biyu, sai ta tsaya tana duban wannan tana duban waccan. Ba ta san ta inda suka zo ba. Ta zaɓi ta hagu, ta bi ta da tafiya da ɗan gudu, har ta kai ta wata tsohuwar gona da aka bari, babu kowa. Ta juyo. Kafin ta komo mararrabar ta faɗi sau biyu, tabarau ɗinta ya fashe, ta yi amai a bakin hanya. Ta zauna a ƙasa tana kuka, ta so ta tashi, jikinta ya ƙi.

A nan wata tsohuwa ta same ta. Sunanta Kande, gwauruwa ce daga ƙauyen nan, ta haura shekara saba'in, tana dawowa daga daji da damin itace a ka.

Ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya?"

Yarinyar ta ce, "Kaka, maciji ya sari babana. Yana gonar kwari."

Tsohuwar ba ta ƙara tambaya ba. Ta jefar da itacen, ta ɗaure zanenta tam, ta kama hanyar dama da sauri. Afiniki ta tashi ta bi ta. Ba su yi taku ɗari ba tsohuwar ta ba ta rata. Ta waiwayo ta ga yarinyar tana tangaɗi, sai ta ce, "Jikata, za ki ɓata mini lokaci. Koma wurin ubanki, ki sa shi a inuwa, kada ki bar shi ya motsa."

Haka yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta tsaya tana kallon bayan tsohuwa har ta ɓace cikin ciyawa.

Maza uku suka zo da babura biyu. Lokacin rana ta riga ta karkata, ƙafar manomin ta kumbura har gwiwa, jini yana fita daga dasashinsa. Suka kai shi asibitin garin, daga can aka wuce da shi babban asibiti. Aka yi masa allurar dafin maciji, ya rayu. Amma naman ƙafar ya lalace, bayan kwana tara likitoci suka yanke ta a ƙasan gwiwa.

Babu likitan da ya ce da an kawo shi da wuri da ba a yanke ba. Wannan Allah ne kaɗai ya sani. Amma yarinyar ta sa a ranta cewa haka ne. Ta daina cin abinci, ta daina magana, ta ƙi shiga ɗakin da ubanta yake kwance. Ranar da aka dawo da shi gida, ta ɗauki wayar ta kai bakin rijiya za ta jefa.

Uban yana zaune a tabarma a tsakar gida. Ya ce, "Kawo ta nan."

Ta kawo, ta durƙusa, ta ce, "Baba, ni ce na sa aka yanke maka ƙafa."

Uban ya karɓi wayar. Sa'an nan ya ce, "Maciji ne ya sare ni, ba ke ba, ba kuma wayar nan ba. Kin yi gudu da ƙafar da kike da ita. Ni ne na zaunar da ke shekara uku, ranar da na ce ki tashi kuwa na ga abin da na yi. Ki gafarce ni."

Bai fasa wayar ba. Ya miƙa wa uwar, ta sa a cikin kwano a kan kabad. Aka ce yarinyar za ta riƙa karɓa da yamma na ɗan lokaci, in ta gama aikin makaranta, ta mayar kafin a ci tuwo. Makon farko ta sha wuya. Takan zauna hannunta yana laluben abin da babu, takan yi fushi ba dalili, ta rasa abin da za ta yi da yini. Uwar ba ta sassauta ba.

Da miki ya warke, aka kawo wa mutumin sanduna biyu na hammata, aka ce ya riƙa takawa kowace safiya. Ba ya iya fita shi kaɗai, don haka yarinyar ce take raka shi. Ranar farko suka kai bishiyar mangwaro da ke ƙarshen layinsu, suka zauna a kan saiwarta, su biyu suna haki. Bayan mako biyu suka kai coci. Bayan wata biyu suka kai kasuwa suka dawo ba su zauna ba. Ta fara tafiya makaranta da ƙafa, gama babu mai kai ta a babur. A hanya ta sake haɗuwa da ƙawayenta na dā. Ta koyi ɗaukar ruwa, ta koyi riƙe fartanya, ta shiga 'yan tseren makarantarsu, ko da yake ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Barcinta ya dawo, ciwon kai ya ragu har ya zama sai jefi-jefi. Tabarau dai ba ta rabu da shi ba, aka yi mata sabo. Ƙafar uban kuma ba ta dawo ba. Ya ba ƙanensa gonar kwari, ya riƙe ta kusa da gida.

To, ga ma'anar wannan misali.

Manomin nan ba mugun uba ba ne. Da mugu ne, da misalin bai shafe mu ba, gama ba wanda zai ga kansa a ciki. Yana ƙaunar 'yarsa, abin da ya ba ta kuwa hutu ne. Kuskurensa shi ne ya ɗauka duk abin da yake gajiyar da jiki wahala ce. Akwai wahalar da take karya yaro, wannan ya kamata iyaye su tsare 'ya'yansu daga gare ta. Akwai kuma gajiyar da take gina yaro. Allah ya yi jikin mutum don motsi. Ƙashi yana ƙarfi in an ɗora masa nauyi, zuciya da huhu suna ƙarfi in an sa su aiki, ido yana hutawa in ya dubi nesa, barci kuma yana zuwa wa wanda ya gaji. Jikin da aka hana shi waɗannan ba ya tsayawa yadda yake. Raguwa yake yi, a hankali, ba tare da ƙara ba.

Shi ya sa iyaye ba sa lura. Yaron da ya faɗo daga bishiya, kowa yana jin kukansa, a ranar za a kai shi wurin ɗori. Yaron da yake kwance da waya awa shida ba ya kuka. Gida shiru, uwa ta sami sararin yin aikinta, uba ya huta da ƙara, sai mu ce yaron yana da natsuwa. Da yawa cikinmu mun miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya bar mu mu yi hira. Ni ma mai wannan magana na yi.

Wayar kuwa ba ita ce maƙiyi ba, shi ya sa manomin bai bari a jefa ta rijiya ba. Da ita muke gaisawa da 'yan'uwa na nesa, da ita yara suke neman karatu. Amma tana cin lokaci, lokacin da take ci kuwa daga wani wuri take ɗebowa: daga barci, daga wasa, daga aikin gida, daga zama da mutane. Masu aikin lafiya suna cewa yaro yana bukatar aƙalla awa guda kowace rana yana motsi har ya yi gumi. A dā ba wanda yake lissafa wannan, rayuwa da kanta take bayarwa. Yanzu da rijiya ta shigo gida, babur ya tsaya a ƙofa, sai iyaye sun nema wa yaro da gangan.

Ku yara da matasa, jikinku amana ce daga wurin Ubangiji, ba kuwa domin ku kaɗai aka ba ku ba. Afiniki tana ƙaunar ubanta da dukan zuciyarta a ranar nan. Zuciyar ta yarda ta yi gudu, ƙafafun ne ba su iya ba. Ba kowa ne zai gamu da maciji a gona ba. Amma kowannenku rana tana zuwa da wani zai bukaci ƙarfinsa, ko idonsa, ko kunnensa. Wata uwa za ta bukaci a ɗaga ta, wani ƙane zai kira daga nesa. Abin da kuka tara a jikinku kafin ranar, shi kaɗai za ku iya bayarwa. Tsohuwa Kande ba ta shirya wa ranar nan ba, tafiyar da take yi kowace rana ce ta kai ta ƙauye.

Ku lura kuma da abin da uban ya yi daga baya. Bai tsaya ga yi wa yarinyar doka ba. Ya nemi gafararta, ya kuma fita tare da ita. Uban da yake cewa ɗansa ya ajiye waya, shi kuwa tasa tana hannunsa a kan tabarmar cin abinci, yaron ba zai ji maganarsa ba, abin da ya gani zai bi. In za a sa waya a kwano, a fara da ta mai gida.

Yau in an tashi daga sujada, wanda gidansa ba shi da nisa ya bar babur a nan coci, zai same shi da yamma. Ku taka da 'ya'yanku zuwa gida, wayoyi suna cikin aljihu. Ku duba ku ga wa zai fara gajiya. In ɗanka ne ya riga ka, kada ka yi masa faɗa a hanya. Ka rage sauri ku isa tare, gobe kuma ku sake fita.